Lojik analaiza ɗan ƙarami mai layi 8: ya ci kuɗinsa, amma ku ji inda yake da rauni

Jama'a masu harkar Raspberry Pi da Orange Pi da sauran ƙananan allunan nan da ake ɗora wa Linux a cusa su cikin inji, yau kan ɗan baƙin akwatin nan zan yi magana, wanda ake rubuta 24MHz 8CH a bayansa, girmansa bai wuce kwalin ashana da wani abu ba, a shagunan intanet na China yawanci bai kai dala 10 ba. Lojik analaiza ake ce masa, wato na'urar da ke ɗaukar siginar da ke bi ta wayoyi ta zana maka ita a kwamfuta. Ba shi da wani kamfani ɗaya da za ka ce shi ke yin sa, masu haɗawa da yawa ne, wasu ma har sunan Saleae suke mannawa a jiki alhali ba na Saleae ba ne, kwaikwayon tsohon samfurinsu ne kawai. Ra'ayina tun daga farko kar in ja ku da nisa: duk wanda yake haɗa sensa ko agogo ko wani ƙaramin sikirin da allo ta layin I2C ko SPI, wato hanyoyin da allo ke magana da ƙananan na'urori, kuma ya taɓa zama yana kallon direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, ya ƙi ganin na'urar da ga ta nan a gabansa fitilarta ma a kunne, to ya saya. Amma ba komai yake yi ba, kuma akwai matsalolin da ba ka buƙatarsa sam, zan faɗe su.

Abin da ke cikin kwalin ba yawa. Shi kansa akwatin, da kebul na USB irin tsohon mini ɗin nan, da wayoyin jamfa guda 10 masu launi-launi. In ka buɗe cikinsa aisi (IC) ɗaya ne babba, CY7C68013A wanda ake kira FX2, na Cypress, kamfanin da Infineon ta saye a 2020, sai kiristal ɗin 24MHz da wani ƙaramin aisi da ke tsakanin filoginka da babban. Kusan shi ke nan. Ba shi da memori na ajiye abin da ya ɗauka, duk abin da ya gani a layukan nan 8 kai tsaye yake turo wa kwamfutarka ta USB, kwamfutar ce ke ajiyewa ta zana maka. Ku riƙe wannan domin kusan duk kyansa da duk rauninsa daga nan suka fito.

Abin dariyar shi ne na'urar da ka sayo don ta taimake ka gano me yasa direba baya ganin kaya, ita ma da farko kwamfuta ba ta ganinta. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Aisin FX2 babu famwaya, wato manhajar da ke tafiyar da aisin kansa, ta dindindin a cikinsa, duk lokacin da ka jona shi sai manhajar ta loda masa famwaya cikin RAM, sai ya ɓace daga USB na ɗan lokaci ya sake bayyana. Manhajar da kowa ke amfani da ita PulseView ce ta aikin sigrok, kyauta ce, famwayar kuma sunanta fx2lafw. A Debian ko Ubuntu in ka saka pulseview kaɗai baka saka sigrok-firmware-fx2lafw ba zaka buɗe ka tarar da na'urar gwaji ta ƙarya kawai, ka yi ta sikanin babu komai. A Windows kuma sai ka bi ta Zadig ka ɗora masa direban WinUSB tukuna. In kana Linux ka buga lsusb, yawancinsu suna fitowa da lamba 0925:3881, in ka ga wannan to kebul lafiya lau, saura famwaya da izinin udev, wato izinin da Linux ke ba ka na amfani da na'urar. In baka ga komai ba ko a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kan na'urori, kebul ɗin ka fara zargi. Wanda ya zo cikin nawa kwalin gaskiya shara ne, siriri, in ka ɗan taɓa shi sai haɗin ya yanke, na sa wani mai kauri na tsohuwar kyamara shi ne aka zauna lafiya.

To ga aikin da ya sa na san darajarsa. Wani abokina mai kiwon kaji yana da injin ƙyanƙyasa da aka haɗa masa a gida, Raspberry Pi ne ke kula da shi, akwai sensar zafi da danshi, akwai agogon DS3231 mai batir, akwai rile, wato makunnin lantarki, na hita da na motar juya ƙwai. Masu kiwo sun sani, ƙwan kaza kwana 21 yake, zafi wajen digiri 37.5, danshi kuma dole a ɗaga shi a kwana 3 na ƙarshe, so sensa in ta ɓace ba ƙaramin abu ba ne, kuɗi ne ke lalacewa a cikin tire. Agogon kuma dole ne tunda Pi 4 da waɗanda suka gabace shi basu da agogo mai batir a jikinsu, sai a Pi 5 aka saka, in an ɗauke wuta aka dawo babu intanet to allon bai san ƙarfe nawa ba balle ya san kwana nawa ƙwai suka yi. Ƙorafinsa shi ne duk sanda injin ya mutu ya tashi, sikirin ɗin sai ya nuna babu sensa. Ya kira ni yana cewa injiniya don Allah zo ka duba min, yaron da ya haɗa ya tafi bautar ƙasa kuma wayarsa ba ta shiga.

Kafin in kai ga abin da analaizan ya nuna bari in ɗan tsaya kan yadda Linux ke gane kaya, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, sun saba da USB. Na'urar USB in ka jona ta ita ke gabatar da kanta, ta faɗi lambar kamfani da lambar samfuri, misali CH340 ɗin da ke jikin Arduino na China 1a86:7523 ne, CP2102 kuma 10c4:ea60, kanel, wato zuciyar Linux, ya duba wane direba ne ya ce ya san wannan lamba ya haɗa su. I2C ba haka yake ba. Philips ne suka ƙirƙiro shi tun farkon shekarun 1980 don aisi-aisi na cikin talabijin su yi magana da juna, waya biyu ce kawai, SDA ta bayanai da SCL ta bugun lokaci, kuma babu wata hanya da sensa za ta ce ga ni na zo. Sai an rubuta wa kanel a fayil ɗin bayanin allo, wanda ake kira bishiyar na'urori, cewa a layi na 1 adireshi 0x76 akwai na'ura iri kaza. A Pi wannan rubutun ta config.txt ake yi, wanda tun fitowar Raspberry Pi OS Bookworm ya koma /boot/firmware/config.txt, ka saka dtparam=i2c_arm=on, sannan dtoverlay=i2c-sensor,bme280 da dtoverlay=i2c-rtc,ds3231. Lokacin da allon ke tashi direba zai je adireshin ya ƙwanƙwasa. Kamar malamin aji ne mai kiran suna da safe, sau ɗaya zai kira, in baka amsa ba ya sa maka ja ya wuce, ko ka shigo bayan minti biyu ka zauna a kujerar gaba a rajista dai baka zo ba.

Abin da na tarar a injin nan ya ɗaure kai. dmesg na nuna direban bmp280, wanda shi ne ke riƙe BME280 ma, ya gwada ya faɗi da kuskure -121. Wannan lamba a Pi ma'anarta an aika adireshi babu wanda ya amsa. Amma in na buga i2cdetect -y 1 sai ga 76 ɓaro-ɓaro a tebur, ga UU a gurbin 68 wato agogo direbansa ya riga ya kama shi, ga 57 na ɗan memorin da ke jikin allon agogon. To sensa tana nan tana amsawa, waya lafiya, adireshi daidai, me yasa direba ya ce babu kowa? Kuma in na tilasta masa da hannu, na rubuta 1-0076 cikin /sys/bus/i2c/drivers/bmp280/bind, nan take ya kama, karatu ya fara fitowa. Sake kunna injin, a koma gidan jiya.

A nan mita mai auna bolt ba ta da abin da za ta gaya maka, domin lokacin da ka ɗora ta komai ya riga ya daidaita. Abin da kake so ka gani ya faru ne cikin wasu 'yan daƙiƙu lokacin tashi. Sai na jona analaizan, GND da GND da farko, wannan kar ku manta shi ko da wasa in ba haka ba shirme zaku gani, layi ɗaya kan fil na 3 wato SDA, ɗaya kan fil na 5 wato SCL. Na lura wutar sensar ba kai tsaye take zuwa daga 3.3V ba, ta wani ɗan transisto take bi wanda fil ɗin GPIO17 na Pi ke kunnawa, sai na ɗora layi na uku a kan GPIO17 ɗin. Na saita gudun ɗauka a 1MHz, tunda I2C na Pi a 100kHz yake tafiya in ba a canza ba, ninki 10 ya isa, na zaɓi samfur miliyan 100 wanda ya ba ni daƙiƙa 100 cif, na danna Run na kunna injin.

Wallahi abin da ya fito a sikirin ya fi duk bayanin da zan yi. Na ɗora dikodan I2C, wato mai fassara siginar zuwa rubutu, a kan layukan biyu, sai PulseView ya rubuta a ƙasan zanen da launi, ga Start, ga Address write 76, sai bugu na tara inda ya kamata sensa ta ja SDA ƙasa ta ce na ji, layin ya tsaya a sama, an rubuta NACK da ja, sai Stop. Kusa da wurin ga 68 an kira ya amsa da ACK, hira ta ci gaba tsakanin direba da agogo. Layi na uku kuwa, na GPIO17, yana kwance a ƙasa shiru duk wannan lokacin, sai da na ja zanen gaba sosai, daƙiƙu da dama bayan direba ya gama ya tafi, sannan ya tashi sama. Wato sensar ba ta da wuta lokacin da aka kira ta. Yaron da ya haɗa ya yi dabara ce mai kyau a niyya, ya sa transiston don in sensa ta maƙale manhajarsa ta Python ta iya kashe ta ta kunna, amma manhajar ce ke kunna wutar kuma ita sai can ƙarshen tashi take farawa. Kanel kuma baya sake gwadawa in kuskuren -121 ne. Akwai wanda yake sake gwadawa, -517, shi ne in direba ya ce wani abin da na dogara da shi bai shirya ba a dawo min anjima, waɗannan zaka gan su a /sys/kernel/debug/devices_deferred, amma rashin amsa ba ya cikin wannan.

Gyaran layi ɗaya ne a config.txt, gpio=17=op,dh, wanda ke sa famwayar Pi ta ɗaga fil ɗin tun kafin kanel ya fara tashi. Hanya mafi tsafta ita ce a bayyana transiston a bishiyar na'urori a matsayin regileta mai GPIO a haɗa shi da sensar, direban da kansa zai kunna wutar ya jira kafin ya yi magana, amma wannan sai ka rubuta naka fayil ɗin ka harhaɗa, kuma mai kaji ba zai iya kula da shi ba in katin memori ya lalace, layi ɗaya kuwa zai iya rubuta shi a bangon ɗakin. Na sake ɗauka bayan gyaran don in tabbatar, GPIO17 ya tashi tun farko, 76 ya amsa, sai ga direba ya nemi rajista D0, inda sensa ke ajiye lambar da ke nuna irinta.

Wannan D0 ɗin ya tono wani abu daban. Amsar da ta dawo 58 ce. Duk wanda ya karanta takardar bayanin Bosch ya san BME280 60 take amsawa, 58 kuwa BMP280 ce, ƙanwarta da ke auna zafi da matsin iska kawai babu danshi. Allunan biyu kusan iri ɗaya ne a ido, shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, har rubutun BME/BMP280 ake yi a baya a bar ka da zato, bambancin da ido ke iya gani shi ne ɗan gwangwanin BME murabba'i ne na BMP kuma ya ɗan fi tsawo ta gefe ɗaya. Wani mai shago ya sayar masa da mai arha a kuɗin mai tsada, ko shi ma haka aka sayar masa, Allah masani. Lambar danshin da sikirin ke nunawa tun da can ashe ba karatu ba ne. Amma a nan zan yi adalci, wannan ba sai da analaiza ba. i2cget -y 1 0x76 0xD0 zai ba ka amsar nan cikin daƙiƙa ɗaya kafin direba ya kama adireshin, kuma direban ma kan rubuta bad chip id a dmesg, ko da yake yadda yake ɗaukar lamarin ya danganta da wane kanel kake kai. Don haka in ka sayo sensa sabuwa ka buga wannan umarnin tun kana iya mayar da ita.

Haka ma sauran matsalolin da suka fi yawa. Mafi yawan lokutan da mutum ya turo min saƙo wai allo baya ganin na'ura, amsar tana cikin dmesg bai karanta ba, ko I2C ɗin ma ba a kunna ba babu /dev/i2c-1 gaba ɗaya, ko ya juya SDA da SCL, ko sensar tana 0x77 shi kuma ya bar direba yana neman 0x76, ko caja ce marar ƙarfi allon yana ta kukan Undervoltage detected. A ɓangaren USB kuma in kaga device descriptor read/64, error -71 to kebul ne ko wuta ko ita na'urar, kuma wannan akwatin ba zai taimake ka sosai ba, USB mai gudun 12Mbps ya yi masa sauri ya ɗauka da kyau a 24MHz, mai 480 kuwa kar ma a fara. Masu Ubuntu 22.04 da CH340 ɗinsu ke bayyana ya ɓace nan take, brltty ne ke ƙwace shi, manhajar makafi ce da ke zaton na'urar rubutun makafi aka jona, wannan ma dmesg ne zai faɗa maka ba analaiza ba. Ka fara da abin da yake kyauta. Inda akwatin nan ke shigowa shi ne inda manhaja ta ce na aika, na'ura kuma ta yi kamar ba a aiko ba, kana son shaida wanda ba ya ɓangaren kowa.

Karo na biyu da ya yi min amfani a wannan injin dai, bayan an yi ta wasa da wuta wata rana ana kawowa ana ɗaukewa, sai komai na layin ya rikice, i2cdetect ya cika tebur da lambobi kamar kowane adireshi akwai na'ura. Ina ɗora analaizan na ga SDA a kwance a ƙasa tun kafin a fara komai, SCL na bugawa amma SDA ko motsi. Dalilin da yasa tebur ya cika kenan, tunda amsa a I2C ita ce a ja SDA ƙasa, layin da ya maƙale a ƙasa kamar kowa na cewa na'am ne. Mai laifin agogon ne. Yana da batirinsa, so lokacin da wuta ta yanke ana tsakiyar karanta shi Pi ya mutu ya manta, shi kuwa bai mutu ba yana nan riƙe da layin yana jiran sauran bugun da zai ƙarasa baiti ɗinsa. Takardar ƙa'idar I2C ta NXP ta faɗi maganin, a buga SCL sau 9 sai mai riƙe da layin ya saki, takardar DS3231 ma ta kawo irin wannan. Na rubuta 'yar manhaja da ke yin haka, kuma daɗin abin a PulseView kana kallo da idonka daidai bugun da SDA ya koma sama. Mita za ta nuna maka SDA na sifili, gaskiya ne, amma ba za ta nuna maka ya saki a bugu na nawa ba, kuma ba za ta bambance maka maƙalewa da waya da ta taɓa GND ba sai ka warware komai.

Tunda na ambaci allon agogon nan, masu irin shuɗin mai ɗauke da memori a jiki, akwai da'irar caji a kansa da aka yi don batir mai cajuwa. In ka sa masa CR2032 na gama-gari kuma ka ba shi 5V zai riƙa tura wa batirin wuta, batirin na iya kumbura. A Pi dama 3.3V ya kamata ka ba shi.

Yanzu raunin. Na farko kuma mafi girma, sifili da ɗaya kawai yake gani. Baya gaya maka bolt nawa ne a layin. In rezistocin da ke jan layin sama sun yi rauni ko wayar ta yi tsawo, siginar na tashi a hankali kamar gangare maimakon ta miƙe tsaye, shi zai zana maka ita tsaf da kusurwa kamar komai lafiya, alhali sensar tana ganin wani abu daban don inda take yanke hukuncin sama da ƙasa ba daidai yake da nasa ba. Pi na da rezista 1.8k a kan fil 3 da 5, ka ƙara alluna uku kowanne da nasa rezistocin, ka ja waya mita biyu ta gefen motar juya ƙwai, irin wannan matsalar osiloskof take so, na'urar da ke nuna ainihin siffar siginar da bolt ɗinta, analaizan zai nuna maka dai an samu NACK ko baiti ya lalace amma ba zai faɗi dalili ba. Kuma alluna masu aiki da 1.8V kar ka dogara da shi a kansu, an yi shi ne don 3.3V da 5V. Kar kuma ka kuskura ka kai shi kan 12V ko layin RS-232 na asali ko RS-485 na inbata kai tsaye, kariyar da ke ciki ba ta kai nan ba, kuma GND ɗinsa haɗe yake da na laftof ɗinka, in injin na da alaƙa da wutar gida ba tare da rabuwa ba to ba akwatin kaɗai zaka ƙona ba.

Na biyu, 24MHz ɗin nan da aka rubuta a jiki sai ka yi sa'a. Tunda babu memori, a wannan gudun megabait 24 yake turawa duk daƙiƙa ta USB 2.0, in laftof ɗin tsoho ne ko ka bi ta hob mai raba tashar USB ko akwai wani abu a tashar, ɗaukan sai ya tsaya a tsakiya ba sallama. Ni a 12 ko 16 nake samun natsuwa. Ga I2C da UART, wato layin siriyal mai TX da RX, wannan ya yi yawa ma. Ga SPI kuma ka tuna kana buƙatar aƙalla ninki 4 na gudun layin, so in sikirin ɗinka na tafiya a 32MHz babu abin da zaka gani sai shirme, dabarar ita ce ka rage gudun SPI ɗin zuwa 1MHz lokacin bincike, wanda sau da yawa shi kansa ragewar ke nuna maka matsalar ta waya ce. Amma wannan rashin memorin shi ne kuma ya ba ni damar ɗaukar daƙiƙa 100 na tashin allo a jere, iyakarka RAM ɗin kwamfutarka ce.

Na uku ƙananan abubuwa ne masu ban haushi. A jikin nawa an rubuta CH1 zuwa CH8, PulseView kuma D0 zuwa D7 yake kira, so CH1 shi ne D0, kullum sai ka cire ɗaya a kai. Wayoyin jamfan da suka zo da shi sakwa-sakwa ne, kuma mata ne duka ɓangarorin biyu, in fil ɗin allon ya riga ya cika da wayar sensa babu inda zaka soka, dole ka sayi 'yan ƙugiyoyin nan masu kama ƙafar aisi daban, ko ka yi solda na wucin gadi. Dikodan kuma wani lokaci zai nuna maka adireshi EC ko ED maimakon 76 in an saita shi ya haɗa da bit ɗin karatu da rubutu, abu ɗaya ne an tura shi gefe da bit ɗaya, amma na ga wanda ya ɓata yini yana neman na'ura mai adireshin EC. PulseView ɗin kansa fitowarsa ta hukuma ta ƙarshe da na yi amfani da ita 0.4.2 ce ta 2020, tana aiki, sai dai in ka ɗora dikoda kan ɗauka mai tsawo sosai takan yi nauyi, kana ja tana jan ƙafa. Tsarin tiriga ma, wato abin da zai jira kafin ya fara ɗauka, mai sauƙi ne, tashi ko faɗuwar layi, ba zaka ce masa jira sai an kira adireshi kaza ba, sai dai ka ɗauka duka ka nema daga baya.

A ɗaya gefen kuma dikodoji sun haura 100, akwai na UART, SPI, 1-Wire na sensar DS18B20, CAN, na rimot, har da na DS1307 da zaka ɗora a saman na I2C ya fassara maka baitocin zuwa ƙarfe da kwanan wata. Na UART ya taɓa fitar da ni a wani allo da baya nuna komai a sikirin, na ɗora layi kan TX na auna faɗin bit mafi ƙanƙanta, wajen maikrosakan 8.7 ya ba ni 115200, na karanta saƙon butloda, wato manhajar da ke tayar da allon, kai tsaye a PulseView ba tare da na san gudun tun farko ba.

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai kuma baka da kebul ɗin USB zuwa TTL na shiga konsol, shi zaka fara saya, don allon da ya ƙi tashi ta konsol ɗin yake faɗin abin da ke damunsa. Bayan shi sai wannan. Ɗaliban injiniyanci masu aikin kammala karatu su ma ina ganin gara mutum huɗu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya da su yi ta canza sensa suna cewa ta ƙone. In zaka yi oda ka haɗa da ƙugiyoyin a lokaci ɗaya don kuɗin aikowa kar ya zama biyu, ka nemi mai USB-C in akwai tunda kebul ɗin mini ya fara wuya a kasuwa, kuma ranar da ya iso ka gwada layukan 8 ɗaya bayan ɗaya a kan TX na kowane Arduino kafin ka ba mai sayarwa taurari.